Wankin haƙora a asibiti: nawa ake biya, kuma kuɗin me ake biya?



A filinmu na kiwon lafiya na makon jiya wani dattijo ya kira mu daga wajen Dakoro. Ɗansa da ke Faransa ne ya aiko masa da kuɗi, ya ce lalle ya tafi Maraɗi a wanke masa haƙora. Tsohon ya ce shi dai a saninsa tufa ake kaiwa wanki, yana son mu gaya masa ko yaron nan ba ɓarnar kuɗi zai sa shi ba. Mun yi dariya, shi ma ya yi. Amma yana ajiye waya sai kira ya yi ta shigowa, maza da mata, kuma kusan kowa tambayarsa guda: nawa ne? Lokaci ya ƙare ba mu amsa yadda ya kamata ba, shi ya sa muka ce bari mu rubuta a nan, wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi.

Gaskiyar magana, wankin haƙora ba shi da farashi guda kamar tiyar hatsi ranar kasuwa. Duk wanda ya yanke maka kuɗi ta waya bai leƙa bakinka ba, cinikin biri a sama kuka yi. Abin da za ka biya ya danganta da shekarun da dattin ya yi a bakinka, da irin asibitin da ka shiga, da kuma nisan garinku da kujerar likitan haƙori. Ga mutumin ƙauye ma sau da yawa wannan na ƙarshen shi ne ya fi cin kuɗi.

Me ake wankewa tukuna?

Ka kankare haƙorinka da farce da safe kafin ka yi asuwaki, za ka ga wani farin abu mai laushi kamar ƙullu. Ba ragowar tuwon jiya ba ne kawai, tarin ƙwayoyin cuta ne da ke manne wa haƙori kowace rana, a bakin kowa, mai kuɗi da talaka. Muddin yana da laushi, asuwaki ko buroshi na fitar da shi. Idan aka bar shi ƴan kwanaki a lungun da asuwaki ba ya kaiwa, sinadaran da ke cikin miyau sai su daskarar da shi ya zama dutse. Masu dafa shayi sun san farin ɓawon nan da ke kama cikin buta in ta daɗe tana aiki. To kusan haka abin yake. Mu muna ce masa tsatsar haƙori, a takardar asibiti kuma za ku ga an rubuta aikin cire shi da Faransanci, détartrage. Ku riƙe kalmar nan, za ta yi muku amfani a wurin biya.

Tsatsar ta fi taruwa a bayan haƙoran gaba na ƙasa, wajen da harshe ke taɓawa, da kuma gefen turamen sama ta ɓangaren kunci, domin a nan ne miyau ke ɓuɓɓugowa. In ta riga ta daskare, ko ka kwana kana gurzawa da icen bedi ba ta fita. Tana zaune a bakin dasashi tana damunsa, sai ya kumbura, ya yi ja, ya riƙa jini in an goge baki. Warin bakin da ke sa abokin hira ya riƙa kawar da kai, yawanci daga nan yake, ba daga ciki ba kamar yadda ake cewa. Shekara da shekaru ciwon na gangarawa ƙasa, yana cin ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori, har ranar da haƙori lafiyayye, wanda ba shi da kogo ko kaɗan, zai fara girgiɗa ya faɗi.

Mugun halin ciwon nan shi ne ba ya zafi sai can ƙarshe. Kogon haƙori na hana barci, mutum ya sayar da akuya ya nemi magani. Ciwon dasashi kuwa shiru yake aikinsa, har mu ɗauka faɗuwar haƙori ai tsufa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2022, ta ce kusan mutum biliyan 3 da rabi ne ke fama da cututtukan baki a duniya, kuma ciwon dasashi mai tsanani kaɗai ya kama wajen mutum biliyan guda, kusan babba ɗaya cikin biyar.

Wanki iri biyu ne, kuɗinsu ba ɗaya ba

Na farko shi ne na sama-sama. Likita na amfani da wani ɗan ƙarfe mai siririn baki wanda ke karkarwa fiye da sau 20,000 a daƙiƙa guda, yana fesa ruwa, tsatsar na ɓantarewa tana faɗowa. Inda injin bai kai ba sai ya bi da ƙarfen hannu, daga baya ya goge haƙoran su yi santsi don datti ya rage samun wurin kamawa. Rabin awa zuwa awa guda an gama, yawanci ba a buƙatar allura. Akwai ƙara mai shiga kunne, akwai ɗan jini in dasashi ya kumbura, amma ba abin gudu ba ne.

Na biyu shi ne mai zurfi. Likita na da ɗan tsinken ƙarfe mai gwaji da yake zurawa tsakanin haƙori da dasashi. A lafiyayyen baki ramin ba ya wuce milimita 3. In ya tarar da 4, 5, 6 ko fiye, to tsatsa ta shige ƙarƙashin dasashi ta kama saiwa, kuma sai an bi ta can an kankare. Wannan aikin na son allurar kashe zafi, ba a cika gama shi a zama ɗaya ba, ana raba baki kashi-kashi a yi yau a dawo wani mako. Kowane zama da kuɗinsa. Shi ya sa za ka ga mutum biyu sun shiga ɗaki guda wurin likita guda, ɗaya ya biya kaɗan, ɗaya ya biya ninki uku, na biyun ya fito yana cewa an cuce shi don an ga ya sa shadda. Ba lalle haka ne ba. Bakin da ya shekara arba'in ba a taɓa shi ba ya fi aiki.

Ban da wankin kansa, akwai ƙananan abubuwa da ke biyo baya, kuma su ne ke ba mutane mamaki. Akwai tiken ganin likita, wanda daban yake. Akwai hoton haƙori, abin da ake ce wa radiyo a asibiti, ba irin tamu mai magana ba. Ana yin sa in likita na son ganin yawan ƙashin da ya rage. Akwai takardar magani da za a kai farmasi, yawanci ruwan kurkure baki da maganin zafi. Sannan da an kawar da tsatsa, kogon da ta lulluɓe sai ya bayyana, a ce maka ga haƙori biyu na son ciko. Wannan sabon lissafi ne, kuma kana da ikon cewa a bari sai ka shirya.

Wani zai ce, ashe don ɗan ƙarfe da ruwa za a karɓi wannan kuɗi? Mu ma mun yi wannan tunanin. Amma kujerar nan da injinanta duk daga waje ake kawo su, haka kayan gyaransu. Ba ta aiki sai da wuta, in an ɗauke sai an tada gurup an zuba mai. Kowane ƙarfe da ya shiga bakin mutum sai an wanke shi an sa shi cikin tukunyar tururi mai zafin da ya haura digiri 120 kafin ya shiga bakin wani. Wannan dafa ƙarfen ba ka ganinsa da idonka, amma a ganinmu shi ne ya fi cancantar kuɗinka a cikin aikin duka, domin wankin haƙora aiki ne da ke fitar da jini.

Asibitin gwamnati ya fi na kuɗi sauƙi, wannan kowa ya sani, sai dai akwai layi, kuma wata rana ka iske inji ya lalace. Ku tuna kuma a watan Agusta na 2024 majalisar ministoci ta rage rabin kuɗin ayyukan jinya a asibitocin gwamnati, ragin ya fara aiki ranar 1 ga Satumba na shekarar. Don haka in kun je, ku nemi a nuna muku farashin détartrage a rubuce, ku biya a wurin biya, ku karɓi rasit. Kada ku miƙa kuɗi a cikin ɗakin aiki ko a bakin ƙofa ga wanda ya ce zai shigar da ku da wuri. A asibitin kuɗi kowa da farashinsa, ba laifi ba ne ka tambayi wuri biyu kafin ka zauna.

Hanya ta fi wankin tsada

Likitocin haƙori a ƙasarmu ƙalilan ne, kuma akasarinsu a Yamai suke. Sauran na manyan garuruwa irin su Maraɗi, Damagaram da Tawa. A CSI na ƙauye majo zai iya duba bakinka, ya ba ka maganin kumburi, ya rubuta maka takardar zuwa gaba, amma ba shi da kujerar wanki. Daga Dakoro zuwa Maraɗi ya haura kilomita 100, haka daga Tanut zuwa Damagaram, ban da tafiyar amalanke ko babur daga ƙauye zuwa bakin hanya.

Bari mu yi lissafi irin na misali, ba farashin wani asibiti muke faɗa ba, kowa ya sa lambobin garinsu. A ce wankin jika 15 ne, tike jika 2, magani jika 4. Tsoho ba ya tafiya shi kaɗai, sai da ɗan rakiya. A ce mota jika 3 kowane mutum, zuwa da dawowa jika 12 ke nan. Kabu-kabu daga tasha da ɗan abin da za a ci, jika 3. An tashi jika 36, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun Janairun 2024 jika 42 ne a wata. In likita ya ce a dawo zama na biyu, kuɗin hanya ya sake tashi. In kuma damina ce, ga ranar noma ta tafi.

Wannan ne muke son ƴan uwa na waje su gane. Ka aiko da kuɗin wanki cif-cif ta Nita ko Al Izza, kana ganin ka gama, alhali rabin lissafin ka biya. Abin da ke faruwa sai tsohon ya ga kuɗin ba su kai ba, kunya ta hana shi faɗa maka, ya sayi hatsi da su, in ka kira ya ce an yi, Allah ya yi albarka. Ba ƙarya ya yi niyya ba. In za ka aika, ka haɗa da na mota da na rakiya, kuma ya fi kyau kuɗin aikin su bi ta hannun wani ɗan uwa na birni wanda zai karɓi layi tun da safe, ya raka shi, ya ɗauki hoton rasit ya turo maka.

Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a haɗa tafiya. Bayan girbi, lokacin da akwai ɗan abin hannu kuma gona ba ta jira, in za a shigo birni don awo, ko biki, ko duba mara lafiya, sai a sa wankin a ciki. Mutanen bakin iyaka kuma, na Ɗan Isa da Magarya da Ƙonni, sun saba leƙawa Katsina, Daura, Kano ko Sakkwato in canjin naira ya yi daɗi. Ba mu hana ba, akwai ƙwararru a can. Amma ku sa kuɗin komawa a lissafi, domin wanki mai zurfi ba ya ƙarewa rana guda, kuma in wani abu ya dame ku bayan kwana uku, likitan da ya yi aikin ya fi kowa sanin bakin.

A can waje nawa suke biya?

Masu saurare da dama sun tambaya, wai ko a Turai kyauta ne. Ba kyauta ba ne. A Faransa farashin da hukuma ta tsayar wa aikin yuro 28 da santim 92 ne, wato wajen jika 19 na sefa, tunda yuro guda sefa 655 ne da ƴan kai. Asusun lafiya na ƙasar na mayar wa mutum kashi 60 cikin 100 tun Oktoban 2023, sauran kuma inshorar da yake biya duk wata ta cika. A Ingila, a tsarin gwamnati, dubawa da wankin sama-sama na cikin rukunin farko, wanda a Afrilun 2025 aka sa kuɗinsa fam 27 da fens 40, ya ɗan haura jika 20. Sai dai ba a yi maka wankin sai likita ya ga akwai buƙata, kuma samun likitan da zai karɓe ka a tsarin ma wani aiki ne. A Amurka abin ya fi zafi. Wanda ba shi da inshorar haƙori yakan biya tsakanin dala 75 zuwa 200 a wankin sama-sama kawai. Dalar Amurka muke nufi fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba, kada wani ya ce ashe da arha. In an juya, daga wajen jika 45 ne har sama da jika 100, mai zurfin kuwa ana lissafa shi ne kashi-kashi na baki, ya ninka haka sau da dama. Shi ya sa wasu ƴan uwanmu ke jira sai sun zo hutu gida su yi a Yamai.

Abin lura a nan, ɗan da ke Faransa ya saba da wurin da wanki bai kai kuɗin aikinsa na rabin yini ba. Shi a wurinsa ƙaramin abu ne ya ce Baba je ka a wanke. Shi kuma Baba yana auna abin da buhun hatsi. Duka biyun suna da gaskiya, kuma shawarar yaron mai kyau ce in dai dasashin tsohon na jini.

Abin da wanki ba ya yi

Kada ku biya kuɗi kuna jiran abin da ba zai samu ba. Wanki ba rini ba ne. Yana cire tsatsa, yana cire jan goro, da baƙin shayi da na taba da ke kwance a saman haƙori, har da jan furen da iyayenmu mata ke shafawa don kwalliya. Amma launin da Allah ya yi haƙorinka da shi, shi zai fito. Mai haƙora masu ɗan rawaya zai tashi da masu ɗan rawaya, tsabtatattu. Faranta haƙori wani aiki ne daban, na kwalliya, mai tsada, kuma ba ya maganin komai.

Akwai kuma tabon da ke cikin jikin haƙorin kansa. Mutanen Tibiri ta Gobir sun san wannan fiye da kowa. Daga tsakiyar shekarun 1980 har wajen 2000 yaran garin sun sha ruwan rijiyar burtsatse mai sinadarin fuliyo fiye da kima, haƙoransu suka fito da tabo ja-ja, wasu ma ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada sinadarin ya wuce miligiram 1.5 a litar ruwa. Yaran nan yau magidanta ne, sa'anninmu. Irin wannan tabon tun haƙori na cikin dasashi ya shiga, ko sau goma aka wanke ba ya fita. Mai irinsa na iya buƙatar wanki don lafiyar dasashinsa kamar kowa, amma duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai wanke maka tabon, ka riƙe kuɗinka.

Wannan ya kawo mu ga masu wankin haƙori na kasuwa da tasha, masu ƴar kwalba da auduga a tsinke. Da dala ɗari ko metan za a shafa maka, ka tofar, a ba ka madubi ka ga fari tas. Mun fahimci abin da ke jan mutane, arha ce kuma nan take ake gani. Amma ruwan da ke fitar da jan goro na shekara ashirin cikin minti biyu, mai cin abu ne, ɓawon haƙorin yake narkarwa tare da dattin. Ɓawon haƙori kuwa ba fata ba ne, ba ya sake tsirowa. Bayan ƴan makonni haƙoran su yi kaushi, su fi kama launi fiye da da, ruwan randa ma ya gagare ka sha. Tsatsar da ke ƙarƙashin dasashi, wadda ita ce ciwon, tana nan ba a taɓa ta ba. In kuma har da ɗan ƙarfe yake kankarewa, ka tambayi kanka bakin wa ya fito kafin naka. Ciwon hanta da sida duk ta jini suke bi. A cikin duk abin da muka rubuta yau, wannan ne kaɗai za mu ce kada ku yi, ko da kyauta ne. Haka gurza haƙori da gawayi ko toka ko yashi kullum, yana cinye shi a hankali.

Wai wanki na sa haƙori girgiɗa?

Wannan maganar ta fito sau uku a shirin, kuma ita ce ke hana mutane da yawa zuwa ko da suna da kuɗin. Wance ta je an wanke mata, ta dawo haƙoranta na motsi, ga ramuka tsakaninsu. Abin ya faru da gaske, amma ba wankin ya jawo ba. Ciwon ya riga ya cinye ƙashi, tsatsar ce ta cike gurbin ta haɗe haƙoran kamar yaɓen laka a jikin tsohuwar darni. Da aka cire yaɓen sai ɓarnar ta fito fili. Barin tsatsar ba ya tsayar da haƙoran, ƙara cin ƙashin take yi har su zube tare da ita. Bayan wanki, in kumburi ya saɓe, sau da yawa motsin na raguwa, ko da yake ƙashin da ya tafi ya tafi. Jin sanyi ko tsami na ƴan kwanaki kuma ba abin tsoro ba ne, yana wucewa.

Ku auna da abin da ke jiran wanda ya bari. Cire haƙori guda na iya fin wanki arha, shi ya sa mutane ke cewa a cire kawai a huta. Amma babba na da haƙora 32, kuma ciwon dasashi ba guda yake kamawa ba. Yau a cire ɗaya, baɗi biyu, kowace tafiya da kuɗin motarta. Daga nan sai maganar haƙoran roba, waɗanda suka ninka wanki nesa ba kusa ba. Wanda ba shi da halinsu sai ya koma fura da kunu, nama da rogo da goro sai kallo.

In kuɗin gida ba su isa kowa ba, wa za a fara kaiwa?

Ba kowa ne ke buƙatar wanki duk wata shida ba, duk da ana yawan faɗar haka. Wanda ke goge bakinsa da kyau, dasashinsa ba ya jini, ba ya ganin dutse a bayan haƙoransa, dubawa sau ɗaya a shekara in ya samu hali ta wadatar, likita ne zai ce ko akwai abin wankewa. Ba ma son mai ƙaramin ƙarfi ya ɗora wa kansa abin da ba dole ba.

Amma akwai waɗanda bai kamata su jira ba. Mai ciwon suga na gaba: suga na ƙara ciwon dasashi, ciwon dasashi kuma na wahalar da saukar suga, kowane na ingiza ɗan uwansa. Mace mai ciki ma dasashinta na saurin kumbura da jini, kuma wanki ba ya cutar da ciki, ta dai gaya wa likita watanninta kafin a fara, musamman in za a yi hoto ko a rubuta magani. Sai mai shan taba ko mai zuba ta a baki, wanda tabar ke ɓoye masa jinin, ciwon ya yi nisa bai sani ba. Mai ciwon zuciya, da mai shan maganin tsinka jini, su faɗa tun kafin su hau kujera.

Maganar yara daban take, kuma muna roƙon iyaye mata su saurara da kyau. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, ramamme, ko wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓi ba, in dasashinsa na jini, bakinsa na wari sosai, yana dalalar da miyau, ya ƙi abinci, wannan ba maganar tara kuɗin wanki ba ce. A kai shi CSI a ranar. Haka ciwon noma ke farawa, wanda a ƙasar Damagaram wasu ke kira ciwon iska, kuma cikin ƴan kwanaki yana iya huda kunci. In an kama shi da wuri, maganin ƙwayoyin cuta da tsabtace baki da abinci mai gina jiki na tsayar da shi. Tun 2006 jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ce a asibitocin gwamnati. Ƙungiyar Sentinelles na da cibiyar kula da masu wannan ciwo a Damagaram, akwai kuma asibitin noma a Sakkwato, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Wanda aka yi wa wanki kuma, ya sani dattin nan mai laushi zai fara dawowa tun a daren. Abin da zai sa kuɗinka su daɗe shi ne asuwaki ko buroshi safe da dare, na daren ya fi muhimmanci, a bi bakin dasashi a hankali, ciki da waje, kada a tsaya ga haƙoran gaba da mutane ke gani. Asuwaki na aiki ƙwarai in an yanke bakinsa ana sabuntawa, an kuma juya shi ya kai bayan haƙora. Man goge baki mai fuliyo na kare haƙori daga kogo, ɗan kaɗan ya isa, a tofar kada a haɗiye. In ka ga jini kada ka daina gogewa, wurin da ke jinin shi ne ya fi buƙata. In ya wuce mako biyu bai tsaya ba, lokacin zuwa ya yi.

Ranar da za ku tafi, ku ci abinci tukuna, ku riƙo karnen asibiti da duk maganin da kuke sha. Kafin a kwantar da kujera ku tambayi likita: na sama za a yi ko mai zurfi, zama nawa ne, jimilla nawa har da hoto da magani, kuma wane ne ba zai iya jira ba in kuɗin ba su kai duka ba. Ku gaya masa daga inda kuka fito, likitoci da yawa na ƙoƙarin haɗa wa mutumin nesa aikinsa don ya rage zirga-zirga.

Baba na wajen Dakoro, in an karanta muku wannan, muna jiran kiranku a shiri na gaba mu ji ko an je, da nawa aka tashi har da mota. Sauran masu saurare da suka taɓa yi a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, ku duba rasit ɗinku ku kira ku faɗa mana abin da aka rubuta da shekarar da kuka biya, mu karanta wa jama'a.